Ladan Kuturu

Ɗan ƙanin mahaifina ya baro ƙauyenmu na gabashin Sakkwato shekara uku ke nan. Manomin gero da wake ne, yana da fadamar albasa, amma yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin Dandima da Tashar Illela. Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidana, rediyo na ba da labarin wani sabon sulhu da aka ƙulla da 'yan bindiga a maƙwabta, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, ni da gwamnati za ta ji tawa, ta kama babba guda cikinsu, ta ba shi kuɗi da harsashi, shi ya gama muna da sauran. Su sunka san dajin nan, soja bai san shi ba. Da ɗan gari akan ci gari."

Ban yi masa gardama a ranar ba. Mutumin da ya bar rumbu cike ya gudo da tabarma da yara biyar, ba a tare shi da lacca. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba daga bakinsa kaɗai nake jin ta ba. Ina jin ta a majalisar mai shayi, ina jin ta daga 'yan boko masu digiri, har daga wasu da ke kusa da masu mulki. Ni kuwa na shafe shekaru ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma na san wannan dabara tsohuwa ce. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da makamai sun gwada ta a tsakiyar yaƙi, an kuma ga inda ta kai su.

A ranar 9 ga Fabrairu, 1942, wata biyu bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, wani katafaren jirgin ruwan Faransa mai suna Normandie ya kama da wuta a tashar Niyu Yok. Amurkawa sun ƙwace shi suna gyara shi don jigilar soja. Aka yi ta zuba masa ruwa har ya kife a gefensa. A lokacin jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen kaya a kusa da gaɓar Amurka, saboda haka kowa ya ɗauka maƙarƙashiya ce. Bincike daga baya ya nuna tartsatsin mai walda ne ya faɗa kan kayan da ke cin wuta. Amma tsoro ya riga ya shiga, kuma sashen leƙen asirin sojan ruwa ya san abin da kowane ɗan dako a tashar ya sani: ba gwamnati ke da tashar ba, 'yan Mafiya, ƙungiyar 'yan daba mai asali daga Italiya, ke da ita. Su ke cewa wane zai samu aiki yau, su ke yankar wani abu daga ladan lebura.

Sai jami'an suka nemi wani ɗan daba da ke riƙe da babbar kasuwar kifi ta birnin. Shi kuma ya ce ƙarfinsa bai kai ba, sai an je wajen maigida. Maigidan shi ne Luciyano, wanda tun 1936 aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 50 saboda tilasta wa mata karuwanci. A watan Mayun 1942 aka ɗauke shi daga kurkuku mai nisa kusa da iyakar Kanada, aka mayar da shi wanda ya fi kusa da birni don yaransa su riƙa ziyartarsa cikin sauƙi. Daga cikin kurkuku ya ba da umarni: masunta su sa ido, 'yan dako su kawo rahoto, kada kowa ya yi yajin aiki. Tashar ta yi shiru har yaƙi ya ƙare. Wannan shirun kuwa ya haɗa da shirun lebura da ake cin guminsa, wanda yanzu ba shi da inda zai kai ƙara, tun da azzaluminsa ya zama abokin aikin hukuma.

A watan Janairun 1946, Tomas Dewey, lauyan gwamnatin da ya ɗaure Luciyano da hannunsa, wanda a lokacin ya zama gwamnan jihar, ya sassauta masa hukunci bisa sharaɗin a kore shi zuwa Italiya. Kafin shekarar ta ƙare yana Habana ta ƙasar Kuba yana jagorantar taron manyan 'yan Mafiya. An yi bincike a hukumance kan yarjejeniyar a 1954, amma aka ɓoye rahoton fiye da shekara 20.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, domin can ne ya fi kama da ƙauyukanmu: manoma talakawa, gonaki a hannun 'yan tsiraru, satar shanu, da hukumar da ke nesa. Musolini, mai mulkin Italiya a lokacin, ya tura wani jami'i mai suna Mori a 1925, ya kama dubban mutane, mai laifi da marar laifi, har Mafiya ta lafa. Da sojojin ƙawancen Amurka da Ingila suka sauka tsibirin a watan Yulin 1943, suka tuɓe shugabannin garuruwa na gwamnatin Musolini, sai suka rasa waɗanda za su ɗora. Baƙi ne, ba su jin harshen, yaƙi na gabansu, suna son wanda zai riƙe musu gari ya yi tsit. Nan 'yan Mafiya suka fito suna nuna tabon ɗauri, suna cewa su ne waɗanda Musolini ya zalunta. Masana tarihi suna da saɓani kan ko Luciyano ya taimaka wa saukar sojojin da wani abin kirki, amma babu saɓani kan naɗe-naɗen da suka biyo baya. A garin Bilalba aka ba Kalojero Bizzini, babban ɗan Mafiya na yankin, shugabancin gari. A watan Satumban 1944 wani jagoran 'yan kwaminis ya zo dandalin garin yana yi wa manoma magana kan gonaki, yaran Bizzini suka buɗe wuta suka jefa gurneti, mutane da dama suka jikkata har da mai jawabin.

A can yankin Nafoli kuma, Bito Jenobese, wanda ya gudo daga Amurka saboda tuhumar kisan kai, ya zama tafinta a ofishin mulkin soja, yana sayar da kayan abincin soja a kasuwar bayan fage da motocin sojan kansu. Wani ƙaramin jami'in bincike ya kama shi ya mayar da shi Amurka, amma kafin a yi shari'a aka sa wa babban mai shaida guba yana tsare a hannun hukuma. Shari'a ta rushe, mutumin ya koma ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan daban Niyu Yok.

Sojojin Amurka da Ingila sun tattara sun koma gida. Manoman Sisili suka zauna da waɗanda aka ɗora musu. A shekarun da suka biyo baya an kashe shugabannin ƙungiyoyin manoma ɗaya bayan ɗaya; Placido Rizzotto na garin Korleyone an ɗauke shi a 1948, sai a 2012 aka tabbatar da ƙasusuwansa. Ba zan ɗora wa Amurkawa dukkan laifin ba, domin 'yan siyasar Italiya sun karɓi cinikin daga inda aka bari, suna sayen ƙuri'a da kariya. Amma ƙofar a 1943 aka sake buɗe ta. Kusan shekara 50 bayan haka, ranar 23 ga Mayu, 1992, 'yan Mafiya suka tarwatsa babbar hanya da nakiya suka kashe alƙali Falkone, mai bincikensu, da matarsa da masu tsaronsa uku. Bayan kwana 57 aka kashe abokinsa alƙali Borselino da masu tsaronsa biyar.

Abin da nake so ɗan'uwana ya gane ke nan. Ɗan ta'addan da gwamnati ta ɗauka haya, kuɗi shi ne ƙaramin abin da yake karɓa. Kuɗi yana da su, garkuwa da mutum ɗaya ta ishe shi. Abin da ba ya iya samu da bindigarsa shi ne halasci, wato a ce hukuma ta san da shi, kuma wanda ya taɓa shi ya taɓa gwamnati. Gwamnati kuwa ba daga aljihunta take biyan wannan ba. Tana yanko wani yanki ne na mutane, ƙauye goma ko ashirin, ta miƙa masa, ba tare da an tambaye su ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A wannan ciniki gwamnati ke cin ladan, a bar wa talakan ƙauye askin, shi da 'ya'yansa.

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne na shekara 80. To mu zo Sudan, inda muke da 'yan'uwa Hausawa da ɗalibai, inda kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa Makka. Da tawaye ya ɓarke a Darfur a 2003, gwamnatin Umar al-Bashir ta ga yaƙin daji yana da tsada, ta ga akwai mahaya doki da raƙumi da suka san ƙasar, cikinsu har da waɗanda suka saba da fashi da kore dabbobi. Ta ba su makamai, aka san su da Janjawid. Ladansu shi ne ganima da filayen waɗanda suka kora. A 2013 aka yi musu kaki da suna, suka zama dakarun ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Hemedti, tsohon mai fataucin raƙuma. A 2017 suka karɓe ma'adinan zinariya na Jabal Amir. Al-Bashir ya ɗauka garkuwa ya samu, sai ga shi a 2019 suna cikin waɗanda suka ture shi. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, suka juya kan sojan ƙasar, suka riƙe mafi yawan Khartum kusan shekara biyu, sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Yaranmu da ke karatu can, a motocin haya aka kwaso su ta hamada zuwa iyakar Masar. A ƙasar Sabiya ta Turai ma haka: Arkan, wanda 'yan sandan Turai ke nema saboda fashin bankuna, ya zama kwamandan 'yan sa-kai a yaƙin Yugoslabiya, kuma tsohon yaronsa ne kotu ta ɗaure saboda kitsa kisan firaministan ƙasar, Zoran Jinjic, a watan Maris na 2003.

Mu kanmu a jihar nan mun ɗanɗana, ko da yake ba gwamnati ce ta ƙulla ba. Lokacin da ɓarayin shanu suka addabi yankin Tangaza da Gudu, ba a ga jami'in tsaro ba, wasu shugabannin al'umma suka yi maraba da baƙi masu bindiga da suka ƙetaro iyaka, suka ce za su kore musu ɓarayi. Sun kore su kuwa. Daga nan suka fara karɓar shanu da sunan zakka, suna yi wa matasa bulala saboda waƙa a waya ko irin askin da suka yi. Su ne Lakurawa. Sai a watan Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta sanar da ƙasa cewa akwai su, a Janairun 2025 kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. An sayar da kare an sayi biri. Ba na ganin laifin mutanen da suka yi maraba da su. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Laifin yana kan wanda ke da jirgi ya tsaya a bakin gulbi yana kallo.

Maƙwabtanmu kuwa gwamnatocinsu ne suka gwada da kansu, a bainar jama'a. Zamfara ta yi sulhu da Buharin Daji a 2016. Bai daɗe ba ya koma ruwa, aka kashe shi a Maris na 2018, wanda ya kashe shi, Dogo Giɗe, ya zama babban bala'i na gaba. An sake wani sulhun a 2019, har aka yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindiga, a 2021 gwamnatin da kanta ta ce an ci amanarta. Katsina ta yi sau biyu, 2016 da 2019, gwamna Masari daga baya ya fito ya ce ya yi nadama. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ya rantse da Alƙur'ani a Gusau a watan Fabrairu, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji. Sai kuma abin da ya tuna mini da Bilalba kai tsaye: a watan Yulin 2022 aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, alhali 'yan sandan Katsina sun sa ladan naira miliyan 5 a kansa. Gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin, amma hoton rawanin ya riga ya zaga duniya, kuma kowane yaro mai kiwo a daji ya ga hanyar da ke kai mutum fada.

Ina sane da hujjar masu goyon baya, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa afuwar da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta rage fasa bututu, man fetur ya ƙaru. Suna cewa bayan sulhun Birnin Gwari a ƙarshen 2024 kasuwar shanu ta sake ci. Suna kuma cewa soja ya yi kaɗan, daji ya yi yawa, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a 2021 amma ba a daina kisa ba. A shekarar ce ma aka far wa kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40, aka kuma ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Duk wannan gaskiya ne. Kuma ni Musulmi ne, na san Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne. Ba na cikin masu cewa kada a taɓa magana da mai bindiga. Yaƙe-yaƙe da yawa a kan tabarma suke ƙarewa, kuma akwai Fulani makiyaya masu ƙorafi na gaskiya: burtalin da aka nome, shanun da aka kwashe, 'yan'uwan da 'yan sa-kai suka yanka a kasuwa ba shari'a. Wanda ya ƙi jin wannan bai shirya kawo ƙarshen fitinar ba.

Amma sulhu daban, haya daban, kuma da gangan ake cakuɗa su. A sulhu, mai bindiga yana ajiye ta, ya sako waɗanda ke hannunsa, ya dawo ƙarƙashin alƙali kamar kowa. A haya, yana zuwa wurin taro da bindigarsa a kafaɗa, ya koma da ita, an ƙara masa da mota, an kuma ce masa ya "kula da yankin". Kula da yanki a bakin ɗan bindiga yana nufin haraji kafin shuka, haraji kafin girbi, aikin gayya na dole a gonarsa, da ikon ɗaukar 'yar kowa. Idan aka ce kuma ya yaƙi abokin gabarsa, to gwamnati ce da kanta take share masa fage ya zama shi kaɗai, ya haɗiye yaran wanda ya kashe da makamansu. Ranar da ya ga dama ya juya, wa za a ɗauko ya yaƙe shi? Wani irinsa. Haka Sudan ta yi har ta rasa babban birninta.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika faɗa ba, wadda take faɗa wa hukumar kanta. Jami'in da aka sa ya riƙa kai saƙo tsakanin ofis da daji, yana koyon hanyar, yana sanin farashi, wata rana ya fara cin nasa kason. Sojan da ya rasa abokansa a kwanton ɓauna, ya ga wanda ya kashe su ana ba shi lemo a gidan gwamnati, da wace zuciya zai koma fagen daga? Kuma tun da a ɓoye ake irin wannan ciniki, ɗan ta'addan yana riƙe da asirin masu mulki, kama shi ya zama haɗari gare su. Abin da ya sa aka danne rahoton Luciyano ke nan, kuma shi ya sa a nan duk lokacin da wani ɗan bindiga ya saki faifan bidiyo yana kiran sunaye, gari ke ɗaukar zafi. A watan Agustan 2024 mun ga Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, dattijo mai rawani, a ɗaure cikin jini yana roƙon a cece shi, kuma ya rasu a hannunsu. Mutanen da suka yi wa sarki haka, wace takardar yarjejeniya ce za ta ɗaure su?

Saboda haka abin da nake nema daga gwamnatin jiha da ta tarayya ba mai yawa ba ne. Idan za a yi magana da su, a yi ta a fili, a rubuta sharuɗɗan, majalisar dokoki ta gani, kuma mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, waɗanda aka kashe wa iyaye, su kasance a wurin da bakinsu. Kada a ba kowa rawani ko muƙami, kada a bar masa bindiga, kada a ce ya tsare ko da rijiya guda. Wanda ya tuba a ba shi hanyar ci da kansa, a sa yaransa makaranta, a kai asibitin dabbobi rugarsa. Manyan da hannunsu ya yi dumu-dumu da jini su tsaya gaban alƙali ko da za a sassauta musu. Rundunar tsaron al'umma da jihar ta kafa a 2024 ita ma a sa mata ido sosai, a san wa aka ɗauka, wa ke biyansa, wa zai hukunta shi in ya yi kisa ba bisa ƙa'ida ba, domin Janjawid ma da sunan taimaka wa soja suka fara. Sanin daji da ɗan'uwana yake magana a kai, maharba da makiyaya da manoma masu gaskiya suna da shi, kuma za su bayar ranar da suka tabbata wanda suka tsegunta wa ba zai sayar da sunansu ba kafin magariba.

Makon jiya ya dawo wurina da daddare, ya jingine babur, muka gaisa. Na ba shi labarin Bilalba da na Darfur kamar yadda na rubuta a nan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji, Yaya. Amma damina ta kusa. An aiko ma ƙauye cewa kowane gida ya kawo nashi kafin a bari a yi shuka, kuma Inna na can, ta ce ba ta barin ɗakinta." Na tambaye shi nawa aka yanka wa gidanmu, ya faɗa mini. Na shiga ciki na ɗauko abin da ya rage na fanshona na watan, na ƙirga masa rabi. Ya sa a aljihun gaba, ya ce gobe da asuba zai ba direban da ke zuwa can ranar kasuwa.